Maƙerin da Gudumarsa Ta Karye

Ina zaune a ofishin da ƙanwata take aiki ina jiranta, shi kuma yana can kusurwa, dattijo mai furfura, tabarau ya zamo masa kan hanci. Kwamfutarsa tana aiki da tsarin nan na kyauta, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Farin rubutu yana gudu a baƙin allo, sai ya tsaya cak a wuri guda. Ya ja tsaki, ya sake bugawa. Shayinsa ya huce tun ɗazu.

Abokan aikinsa suna fita cin abinci, ba wanda ya ce masa taso. Ɗayansu ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Baba, har yanzu?"

"Manhajar da ke haɗa sauran manhajoji ce ta lalace, kuma sai da ita za a haɗa gyaran. Ka ga maƙeri, gudumarsa ta karye."

"To goge komai mana, ka sa sabo."

Bai ɗago ba. Ina jin a gida ma shi kaɗai yake lallaɓa tsofaffin kaya. Sai da ƙofa ta rufe ya shafa kwamfutar, ya ce mata, "Kin ji? Da mu ake."