Da Igiya Muka Shiga Garinsu

Ana sallame sallar asuba muka bar Tarauni, wata Laraba a tsakiyar damina. Da yawanku kun ga hoton da na saka, ni a jikin wata tsohuwar mota ruwan madara, kuna ta yi min tsiya wai ina zan kai kakata. To ga labarin. Amma mai neman dariya ya yi haƙuri, kaɗan ce a ciki.

Motar ba tawa ba ce. Ta maƙwabcinmu ce, dattijon da duk layinmu ke kira Baba Ticha. Mutumin Filato ne, Kirista, ya zo Kano yana saurayi aka ba shi aji, bai ajiye alli ba sai da ya yi ritaya. Ta hannunsa na koyi lissafi, haka yayyena, haka rabin mazan da ke zama a majalisar ƙofar masallacinmu. Matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta rasu bara waccan. 'Yarsa tilo tana aure a Fatakwal, shi kuma ya ce ba zai tare a gidan suruki ba. Ana cikin haka magada suka sayar da gidan da yake haya tun kafin a haife ni. Mun zaga neman wani. Inda kuɗin bai fi ƙarfin ɗan fansho ba, da mai gida ya ji sunansa sai ya ce ai an riga an kama. Rannan ya kira ni ya ce, "Ɗana, idona ba ya ganin titi yanzu. Ka kai ni gida."

Na ce mu ɗauki shata. Ya ƙi. Ya ce a bayan motar katako ya bar garinsu, a kan buhunan acca, kuma tun ranar ya ƙudurta cewa in zai koma gaba ɗaya, a motar kansa zai shiga. Wa zai yi musu da tsoho a kan wannan?

Mutum biyu ne suka fito sallama: mai shayin bakin layi, da Innata, wadda ta miƙo ƙullin dambun nama ta taga, ta juya da sauri tana goge ido da bakin mayafi. Sauran duk sun yi nasu "Allah ya kiyaye hanya" tun jiya, a zaune.

A Gyadi-Gyadi muka tsaya shan mai. Kuɗin da na miƙa, Baba ya ce a zamanin da ya sayi motar da ya ishe shi sayen irinta har da canji, amma allurar tanki ko rabi ba ta kai ba. Muka sayi koko da ƙosai a gefen titi, ƙosan nan ya ƙanƙance kamar ƙwallon goruba da aka gama ci. 'Yan adaidaita sahu suka yi mana caa. Wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, gidan tarihi za a kai ta?" Baba ya yi dariya har da tari. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji a cikin Kano.

Gaskiya motar tana da daɗin zama. Kujerunta faffaɗa ne kamar na falo, giyarta a jikin sitiyari take, ƙarfen jikinta kuwa in ka ƙwanƙwasa sai yatsanka ya yi zafi. Gilashin ɓangarena da filaya ake ɗaga shi. Daga Na'ibawa har Kura tafiya take kamar amarya, ba gaggawa, gonakin shinkafa kore shar dama da hagu. Muka karya a Kwanar Ɗangora muka nufi Tudun Wada. Nan titi ya fara nuna halinsa: rami na bin rami, ruwan sama ya cika su, ba ka sanin zurfin kowanne sai ka faɗa. Nan ne kuma na lura allurar zafi ta fara hawa. Muka tsaya, muka jira ta huce, muka ɗura wa lagireto ruwa, muka ci gaba.

A tsakiyar dajin Falgore ta yi tari biyu ta mutu.

Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ne. Na buɗe gaba, tururi ya buge ni a fuska. Waya ba sabis. Motoci suna zuwa, in na ɗaga hannu sai direba ya ƙara wuta, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da haka zan yi. Duk ƙarar babur da na jiyo daga cikin daji sai na waiwaya da sauri. Baba kuwa yana zaune a kujerarsa, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon bishiyoyi. Ya ce ya taɓa kawo ɗalibai yawon buɗe ido dajin nan, suka baje tabarmi suka ci abinci, ba wanda ya waiwaya bayansa. Sai kuma ya ce, "In wasu suka fito, ka gudu. Ni ba wanda zai biya ko sisi a kaina, da kansu za su sako ni." Da wasa ya faɗa, amma ban iya yin dariya ba.

Wani direban babbar mota mai ɗauke da masara ne ya tausaya mana. Ya ba mu jarkar ruwa, ya ɗaure wani tiyo da ya tsage da robar taya, yaransa suka tura mu ta tashi. Daga nan rarrafe muka yi, mu yi 'yar tafiya mu tsaya mu shayar da ita, har Saminaka. La'asar ta yi.

Kanikawan farko da muka samu samari ne. Suka zagaye injin suna kallo kamar an kawo musu gawar raƙumi. Ɗaya ya ce shi ko kafireta bai taɓa kwancewa ba. Aka tura mu bayan kasuwa wurin wani dattijo. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya nuna mana: ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Irin nata babu a garin, sai da aka aika Jos, don haka kwana ya kama mu. Saminaka garin masara ne, ko ina ka juya ana gasa ta, mai zaƙi da taushi, kuma da araha in aka kwatanta da Kano. Tuwonta muka ci da miyar karkashi. Da magariba ta yi Baba ne ya tuna min, ya nuna min masallaci, ya zauna a benci yana gadin takalmana kamar yadda yake yi wa mahaifina a da in sun fita tare.

Washegari da hantsi aka gama ɗaurawa. Bakaniken ya goge hannu ya ce, "Ta kai ku Jos in Allah ya so. Amma injin nan ya gaji, kada ku hau dutse da ita." Baba ya ce, "Malam, ai garin namu a kan dutsen yake."

Daga Jengre iska ta canja. Sanyi mai daɗi, duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu, mata a bakin titi da kwandunan dankalin turawa, kabeji da karas. A Jos muka ci gwate mai zafi, ya ji yakuwa da gauta. Baba yana ta nuna min wurare: nan da silima ce, nan kantin littattafai ne, nan ya fara ganin Mama. Babu ko ɗaya da ya rage. Da za mu ratsa wata unguwa sai Baba ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Ɗana, cire hularka ka ajiye, sai mun wuce." Na cire. Na tuna lokacin wata tarzoma a Kano ina yaro, da mahaifina ya shigo da Baba da iyalinsa cikin gidanmu, aka sa wa Mama hijabin Inna. Kowa da inda yake ɓoye kansa a ƙasar nan. Sai da muka fita daga garin na mayar da hulata.

Mun wuce Mangu lafiya, har na fara yi wa bakanike dariya a raina. Bayan Panyam, a wani hawa mai tsawo, sai na ji ƙara daga cikin injin, kaf-kaf-kaf, kamar ana dukan tukunya da taɓarya. Hayaƙi ya turnuƙe. Na taka birki, na sa dutse a bayan taya. Wannan karon ban ma buɗe gaba ba. Injin ya buga.

Garinsu yana can gaba kaɗan, har muna hango rufin cocin. Baba ya fito ya dafa motar, ya daɗe a tsaye. Wani mai akori-kura da ya sauke dankali yana komawa ya yarda zai ja mu. Haka muka shiga: igiya a gaba, ni riƙe da sitiyarin motar da ba ta da rai, Baba a gefena sanye da kwat ɗin da ya ajiye musamman don ranar. Yara suka biyo mu da gudu suna ihu suna dariya. Ya ɗaga musu hannu sau ɗaya, sannan ya sauke.

Ɗan ƙaninsa ne ya tarbe mu, magidanci mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. An kawo ruwa, an yanka kaza. Amma da Baba ya fara magana da yarensu sai harshen ya riƙa sarƙewa, yana cike giɓi da Hausa, matasan gidan suna sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta Bakanon ya iso. A Kano shekara da shekaru sunansa ɗan Jos.

Da yamma ya ce a kai shi ya ga gonar mahaifinsu, inda yake so ya kafa ɗaki biyu. Ɗan ƙanin ya sosa ƙeya.

"Baba, ai an raba tun rasuwar babanmu."

"An raba? Nawa kason fa?"

"Wallahi mun ɗauka kai ka zama ɗan can. Ba wanda ya zaci za ka dawo."

Baba ya gyaɗa kai kawai, kamar an ba shi amsar lissafi daidai. Ɗakin da suka share masa na ajiyar taki ne, warin bai gama fita ba, taga ɗaya ƙarama. Muka jera akwatunansa da kwalayen littattafai a jikin bango. Motar kuma aka tura ta ƙarƙashin wani mangwaro, kafin duhu kaji sun hau kanta.

A duk garin mutum ɗaya ce ta san shi da gaske, wata tsohuwa da suka yi firamare tare. Ta riƙe hannunsa tana lissafo masa sa'o'insu, duk wanda ya tambayi labarinsa sai ta nuna maƙabartar bayan coci.

Da safe ya rako ni bakin titi, yana dogara sanda. Na ce masa in ya ga ba zai iya ba ya kira ni, ɗakin zaurenmu yana nan. Ya ce, "Na gode, ɗana. Tsoho ba ya ƙaura sau biyu." Mota ta tsaya, kwandasta yana ta buga ƙofa. Sai ya riƙo hannun rigata.

"Abu ɗaya. Mamanku tana Kano, ni ina nan. Damina ce, ciyawa za ta rufe ta. Ka riƙa leƙawa."

Na ce to. Ban yarda na kalli fuskarsa ba.

Dawowa a motar haya ba abin faɗa, mu huɗu a kujerar mutum uku, kafin la'asar muna Gyadi-Gyadi. Hanyar da ta ci mana kwana biyu. Na hau adaidaita zuwa Tarauni, na tarar majalisa ta cika. Aka yi min sannu da hanya, aka tambayi labarin Falgore, aka sha dariyar igiya. Wani, wanda Baba ya koya wa lissafi kyauta har ya ci jarrabawa, ya matso ya ce in motar ta sayarwa ce ya san wani a Abuja mai tara irinsu. Na jira ko wani zai tambayi yadda na baro mai motar. Da na gaji da jira sai na ce, "Don Allah a cikinku wa ya san inda aka binne Mama?"

Aka kalli juna. Wani ya ce wajen Sabon Gari ne. Wani ya ce a'a, ya ji kamar hanyar Hotoro. Matar da ta yi wa rabin matan layin nan rakiya asibiti haihuwa.

Kun saba in na dawo daga tafiya in ce ku duba taya, ku riƙe ruwa, kada ku yi dare. Duk ku yi. Amma abin da na koyo a wannan karon ba na mota ba ne. Inji in ya gaji yana yin ƙara, ya yi hayaƙi, kowa ya ji ya tsaya. Mutum shiru yake yi. Muna iya zama da shi katanga ɗaya tsawon rayuwa, mu ci tuwon sallarmu da shinkafar kirsimetinsa tare, ranar da ƙasa ta ƙi shi kuma mu ce Allah ya kiyaye hanya, mu gyara zama.

Na kira 'yarsa ta yi min kwatance. Ranar Asabar na je da fartanya. Ciyawar ta kai gwiwa.