Rabin Kwalbar da Baba Ya Bari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Alhaji Sule mai turare na kasuwar Rano. Mutum ne da ya yarda da hancinsa fiye da yadda ya yarda da mutane. In aka kawo masa man turare, sai ya ɗiga a farar takarda ya ajiye. Wanda ya bar maiƙo, ya ce an yi masa algus da man gyaɗa. Wanda ya tsallake, ya shafa a bayan hannu ya ga ko ƙamshin zai kai la'asar.

Akwai kwalbar man sandal da ya sayo a aikin hajji, bai taɓa sayar da ko ɗigo ba. Ya ce na likkafani ne, rabi nasa, rabi na mahaifiyarmu, Inna. An shafa masa nasa. Ragowar tana ƙasan akwatin Inna a garin Kibiya.

Bana Hadiza, 'yar yayana da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Kano, ta roƙi ɗigo biyu. Na'urarsu tana rarrabe duk abin da ke cikin mai, har ta nuna ko daga itace ya fito ko a masana'anta aka haɗa. So take ta yi wa abokan aikinta burga da hancin kakanta. Sai gwaji ya nuna haɗi ne, sandal ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba. Ni dai abin ya sosa mini rai.

Da Baba na raye, na san zai fara cewa injin ne ke mura. Daga baya ya ja Hadiza gefe ya nemi ta nuna masa yadda yake aiki, don ya tsani a cuce shi.

Muka rasa yadda za mu yi da Inna. Hadiza ta nemo na gaske da aka gwada, muka kai mata. Ta shinshina, ta ce wa Hadiza, "Madalla. Kai wa mijinki."

Na ce, "Inna, wancan na Baba fa ba na asali ba ne."

"Ni ban tambaye ku asalinsa ba. Da shi aka rufe Alhaji, da shi za ku rufe ni."

Yanzu cajin waya ake yi a rumfar Baba, labarin hancinsa ma mun rage ba da shi. Abin da ya rage shi ne rabin kwalbar nan, da tsohuwar da ta ƙi a musanya mata. Allah Ya jiƙansa.