Ƙaryar ciwon ido ta kusa makantar da ni

Jama'a, yau saura ƙiris in makance!

Don in tsere wa tsinkar auduga a gonarmu, na ce wa Baba idona na ciwo. Ai kuwa ya ja ni sai wurin likitan ido a Madani! Likita ya ɗora mini tabarau na ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa, yana ta sauya gilasai. Ya ɗiga mini magani, ya haska fitila cikin idona. Ina fitowa rana ta soke ni, ko yatsuna ba na gani sosai! Na fasa ihu: "Baba, ƙarya nake, Allah ya kama ni!"

Likita ya leƙo. "Maganin ne, yaro, zai sake ka. Idonka lafiya lau."

Baba ya ce, "Kwayyis, madalla. Gobe layinka da na ƙanenka, duk kai za ka tsinke."