Baba Usur a Ajin Autarsa

Shekara da shekaru wani kofur na 'yan sanda yana ba da hannu a titi, da gwiwa ta gaza aka mayar da shi zagayen makarantu. Yara suka laƙaba masa Baba Usur. Yana koya musu gudun ƙwaya, yana kuma cewa duk wanda ake cin zalinsa ya faɗa, kada ya haɗiye.

Wata safiya zagaye ya kai shi ajin autarsa. Ya tambaya ko akwai mai ƙorafi. Can wata siririyar yarinya ta miƙe.

"Yallaɓai, ko da mai dukan nawa 'yar ɗan sanda ce?"

Idanu suka koma kan autar, ta sunkuyar da kai. Malama ta yunƙura za ta sallami ajin, ya dakatar da ita.

"Ko 'yar wace ce," in ji shi. "Faɗi, 'yata, ina jinki."

Ya saurare ta har ƙarshe. Da yamma shi da kansa ya kai autar gidan su yarinyar ta ba da haƙuri. Autar ta daɗe tana gaba da shi, amma dukan ya tsaya.