Shekarar da Aka Ɗibi Jinin Yara a Jibiya

Ban san shekaruna ba a lokacin, amma dai na isa ɗauko tulu daga gulbi ba tare da na zubar da rabinsa ba. Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar ba, don Inna tana budurwa aka ja iyakar da ta raba mu da danginta, mu muka faɗo hannun Ingila, su kuma hannun Faransa.

Damina ta ja baya, ana yankan gero, sai mai shela ya zaga Jibiya yana cewa wani Bature likita na nan tafe daga Katsina nan da kwana uku, kowane magidanci ya kai yaransa ƙofar gidan mai gari, daga na goye har wanda bai isa ɗaukar galma ba.

Kafin Baturen ya iso labarinsa ya riga shi. Wata mai fura da ta zo daga Bugaje ta ce a gabanta ya kwantar da yara yana danna musu ciki. Wani baƙo daga Riko ya ce ai ba nan ya tsaya ba, huda yatsa yake yi, ya shafa jinin a jikin gilashi, ya jera a akwati ya rufe. Inda ake kai akwatin ne ba wanda ya sani, kuma rashin sanin nan shi ya hana matan unguwarmu sakewa.

A gidanmu abin ya fi nauyi saboda ƙanena. Bai fi shekara huɗu ba, kuma tun farkon damina zazzaɓi ke kama shi yana saki. Cikinsa ya yi tulu, ƙafafunsa kamar kara. In ka taɓa gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari sai ka ji wani abu mai tauri. Wanzami ya ce saifa ce, ya yi masa tsaga ya shafa magani, ba ta sauka ba. Tsakanina da shi Inna ta haifi uku, duk ba su rayu ba.

Da Baba ya dawo gona, Inna ta ajiye masa ruwa ta zauna gefe.

"Malam, ni dai ba ni kai yaron ga," in ji ta. "Jinin nan nasa nawa yake da har za a ɗiba?"

"Mai unguwa ya san ɗiyan kowa," in ji Baba. "In ba a gan shi ba ni za a kira."

"To mi za su yi da jinin?"

Baba ya daɗe yana kakkaɓe ƙaiƙayi daga rigarsa, sannan ya ce shi ma bai sani ba. Da ya ce ya sani, ko da ƙarya ce, ina jin da Inna ta haƙura.

Washegari yana fita gona ta ɗaure ƙanena a baya, ta ɗora min ƙullin tsummokaransa da ƙwaryar fura, ta ce mu tafi wajen ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, a wani ƙauye da ke tsallaken iyaka. Za ta bar shi can har Baturen ya wuce. Ta ce in wani ya tambaye ni, in ce dubiya za mu.

Ba mu bi babbar hanyar fatake ba, don akwai masu gadi. Ta cikin gonaki muka ratsa. Ina bayanta, ina kallon kan ƙanena yana lilo, wuyansa ya jiƙe da gumi. Duk sanda muka hango mutum sai Inna ta sassauta tafiya, kamar wadda ba ta da inda za ta. Sau biyu ta tsaya ta sa ni in leƙa fuskarsa in gaya mata ko idonsa a buɗe yake.

Rana ta fara zafi muka kai wata tsamiya kusa da dutsen da aka kafa alamar iyaka. A gindinta mata huɗu ne zaune da yara sun fi goma. Muna matsowa ɗaya ta miƙe tana salati. Inna Ƙarama ce, da ɗiyanta biyu.

"Yaya, ina za ki haka?"

"Wajenki. Ke ina za ki?"

"Wajenki mana! Likitan Faransa ya sauka garinmu da gardi biyu, dogaransu, yana tsaga hannun yara. Na ce bari in kawo miki su."

Inna ta zauna a ƙasa da goyon a bayanta. Ba wadda ta yi dariya a cikinsu, sai bayan shekaru ne labarin ya zama abin dariya a danginmu. Suka sha furar da muka ɗauko, suka yi ta shawara ƙasa-ƙasa. A ƙarshe kowacce ta ga gara abin da zai same ta ya same ta a ɗakinta. Inna Ƙarama ta shafa cikin ƙanena ta yi masa addu'a, ta juya arewa, mu muka juya kudu. Mun riga Baba isa gida. Da ya dawo ya dubi ƙurar ƙafafunmu, ya wuce ɗakinsa.

Ranar da aka sa, tun hantsi filin ƙofar gidan mai gari ya cika. An kafa rumfar zana, a ciki akwai tebur da gadon kara. Baturen dogo ne, fuskarsa ta yi ja, yana ta share wuya da ƙyalle. Tare da shi akwai wani dattijo Bakatsine, malamin asibiti, shi ke yi masa tafinta. Yara suna ta kuka tun kafin a taɓa su. Wata mata a gabanmu ta ɗaura wa ɗanta layu har uku a hannun da take zaton za a huda.

Ni aka fara kira. Na kwanta, Baturen ya sa yatsunsa a cikina ya danna, suna da sanyi. Ya faɗi wata kalma, malamin ya rubuta. Sai malamin ya kama yatsana ya goge, ya soka allura. Zafin bai kai na ƙaya ba. Jinin da ya fito ɗigo ɗaya ne, ya shafa a gilashi ya ja shi ya yi siriri. Na juya na nuna wa Inna yatsan don ta ga ba wani abu ba ne, amma ba ni take kallo ba.

Da aka kwantar da ƙanena, Baturen ya danna ya tsaya. Ya sake dannawa, yana auna taurin da faɗin yatsunsa, daga haƙarƙari har kusa da cibiya. Ya buɗe masa ido ya duba, ya duba tafin hannunsa. Sannan ya yi doguwar magana.

"Ya ce haihuwarki nawa?" in ji malamin, yana duban Inna.

"Biyar."

"Ina sauran?"

"Sun koma."

"Ya ce wane lokaci na shekara, kuma da wane ciwo?"

Ba a taɓa yi wa Inna wannan tambaya ba, don a wurinmu ba a tono waɗanda suka koma. Amma ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Na farko da kaka, jikinsa ya yi zafi ya sandare. Ta biyu ma da kaka, ana gobe za a yaye ta. Na uku ana tsakiyar ruwa. Malamin yana juyawa, Baturen yana rubutawa da hannunsa. Da ta gama sai ya ce mu koma gefe mu jira, kada mu tafi.

Nan ne hankalinmu ya tashi sosai. Kowa in an gama da shi sai ya kama hanya, mu kaɗai da wasu mata biyu aka tsayar. Masu wucewa suna kallonmu suna cewa Allah ya kyauta. Inna ta rungume ƙanena har ya fara ƙorafi. Ta raɗa min cewa in ta ga za a karɓe shi za ta miƙo min, in ruga da shi gona wajen Baba, kada in waiga. Na zauna ina auna hanyar da zan bi, ina tunanin ko zan iya gudu da nauyinsa.

Bayan azahar Baturen ya zauna gaban wani madubi na ƙarfe mai dogon wuya, ya sa gilashin a ƙarƙashi, ya kafa ido ɗaya. Can malamin ya yafito Inna.

"Ya ce akwai ƙwayar ciwo a jinin yaronki, ita ke kawo zazzaɓin, ita ta kumbura saifar. Ya ce sauro ke kawo ta."

"Sauro?" in ji Inna. "Wanda ke cizon kowa?"

"Haka ya ce. Abin da ya zo dubawa ke nan, yara nawa ke da ita a kowane gari, kuma wane lokaci ta fi yawa."

"To jinin fa, ina za a kai shi?"

"Katsina, a sake dubawa. Ya bushe, baiwar Allah, ba ya komawa jikin kowa."

Ya ba ta wani farin gari a ƙunshin takarda, ya nuna mata yadda za ta jiƙa, safe da yamma har kwana bakwai. Ba a karɓe ƙanena ba. Muka fito daga filin muka kama hanyar gida.

Maganin ɗaci gare shi fiye da maɗaci. Na farko ƙanena ya amayar. Na biyu Baba ya riƙe shi, Inna ta toshe masa hanci. A kwana na uku ya fara dafe kunnuwa yana cewa ƙudan zuma sun shiga kansa, in an kira shi ba ya juyowa da wuri. A ranar kuma aka ji ɗan maƙeri ya rasu, shi ma an huda masa yatsa. Gari ya ɗauka cewa hudar ce ta kashe shi. Inna ta ɗauki sauran garin maganin za ta zuba a toka, Baba ya riƙe hannunta.

"Ɗiyar da aka ɓoye cikin rumbu a bayan masallaci ma ta rasu," in ji shi. "Ita ba wanda ya taɓa ta."

Inna ta tsaya da takardar a hannu tana hawaye, sannan ta miƙa masa ta ce shi ya riƙa ba shi, ita ba ta iyawa. Haka aka ƙarasa kwanakin. Ni aka sa in riƙa kiran ƙanena daga bayan danga don a ji ko kunnen ya dawo, kullum ina ƙara nisa.

Zazzaɓin ya sake shi, kunnen ma ya buɗe. Cikin ya ragu amma bai koma daidai ba sai da ya girma. Da rani Baturen ya dawo ya sake danna cikin yaran da ya rubuta. Wannan karon Baba ne ya kai mu, Inna ta ce tana da daka. Muna dawowa muka same ta a bakin ƙofa da taɓarya a hannu, geron yana nan a turmi yadda muka bar shi. Ƙanena ya ruga ya gaya mata cewa bai yi kuka ba, kuma yunwa yake ji.