Idon Mai Rabon Kifi

Pafelio bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko a coci sai ya sauya benci kafin a tashi. A tsibirinsu, ɗaya daga cikin na Tokelau, shi ne mai rabon kifi. Maza su fita teku tare, su jibge abin da suka kamo a filin gari, shi kuma ya kasa wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke ciki, har jariri, har baƙo. Wurin kawunsa ya gaji aikin, a kai ya yi furfura, kuma ba abin da yake taƙama da shi a duniya kamar wannan.

Shekarar da aka taso da maganar ƙuri'a, ko su ci gashin kansu ko su ci gaba da zama ƙarƙashin New Zealand, Pafelio ya hana kowa sakat. Gida-gida yake bi yana kumfar baki.

"Sun kwashe mana yara kaf," in ji shi. "Kowa da fasfonsu a aljihu, jirgi na zuwa sai ya bi. Wa ka gani ya dawo?"

Hegalo, abokinsa tun na yarinta, yana gyaran koma, ko kai bai ɗaga ba. "To shugaban ƙasa, in mun rabu da su, kai za ka riƙa yi mana allura?"

"An ce ba za su rufe ƙofa ba."

"An ce. Zauna mana, kana sa ni jiri."

Abin da Pafelio ke ɓoyewa shi ne idonsa. Yanar ido ta rufe masa gani, har mutum a gabansa ya zama inuwa. Da hannu yake auna kifi, da murya yake gane mutane. 'Yarsa Lutia, mai aikin jinya a birnin Auckland na New Zealand, ta ji labari, ta dame shi a waya.

"Baba, ka taho a kankare maka. Ƙaramin aiki ne, kuma haƙƙinka ne, ba roƙo za ka yi ba."

"Sai in hau jirginsu bayan duk abin da na faɗa? Garau nake gani."

Ƙarya yake, kuma tsoro ne fal cikinsa. Ba wuƙar likita yake tsoro ba. Ya san yadda abin ke tafiya: a je magani, jikoki su maƙale a wuya, a ce bari sanyi ya wuce, shi ke nan.

Wata Asabar aka kamo kifi tuli. Pafelio ya yi ta kai da komo tsakanin kashi-kashin yana kiran sunayen gidaje, kowa ya kwashi nasa, fili ya watse. Washegari bayan coci Hegalo ya ja shi gefe.

"Ka tsallake Matalena."

Matalena tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna can New Zealand. Ashe a gefensa ta tsaya da kwandonta har aka gama, ta ƙi tuna masa don kada ta kunyata shi a bainar jama'a. Maƙwabta ne suka tsakura mata daga nasu.

Ranar nan Pafelio ya zauna. Ya wuni a bakin ƙofa, kunya ta hana shi cin abinci.

Da jirgin ruwan Samoa, wanda ake bi a kama hanyar Auckland, ya iso, ba a ma kai ga ƙuri'ar ba. Pafelio ya sauko bakin ruwa da jakarsa, yana laluben gefen kwalekwalen da zai kai shi. Hegalo ya riƙe masa hannu har ya shiga.

"Ka riƙe mini rabon," in ji Pafelio. "Riƙo na ce, ban ba ka ba. Ana buɗe idon nan zan juyo."

Hegalo ya tura kwalekwalen cikin ruwa, ya ce, "Na ji. 'Ya'yan Matalena ma haka suka ce."