Wayar Bayan Firij

Duk unguwar sun san mai gyaran wuta da tambaya ɗaya. Kafin ya taɓa waya a gidan kowa sai ya ajiye jakarsa ya ce, “Daga ina wutar gidan nan take zuwa? Kamfani, janareta, ko sola?” Har laƙabi aka yi masa, Daga Ina. Shi ko a jikinsa. Ya ce kashe babban makunni ba ya kashe wutar da ta shigo ta bayan gida, kuma ya ga gawar wanda ya manta da haka.

Matarsa ta sha jin wannan magana har ta haddace. Mutum ne mai kirki, amma kai, taurin kai kamar dutse! Tun da suka yi cacar baki da maƙwabcinsu mai walda a kan katanga, ko gaisuwa ya hana.

Sai ciwon suga ya kama shi. Ido ya dushe, har ba ya ganin 'yar fitilar testar da yake gwada wuta da ita, aiki ya ja baya. Allurarsa kuwa dole ta zauna cikin sanyi, ga wutar kamfani sai ta ga dama. Ranar da matar ta buɗe firij ta ji kwalbar da ɗumi, kuka ta yi a tsaye. Ta saci jiki ta je wurin mai walda. Bawan Allah ya huda katanga ya jawo waya daga batiran solarsa zuwa soket ɗin firij. Ta jingina buhun gawayi ta rufe wurin. Tsoro take kada maigidan ya sani ya tsinke wayar, maganin ya lalace.

Wata safiya babu wutar kamfani, firij ɗin ma ya yi shiru kamar yadda yakan yi in ya gama sanyi. Maigidan ya shigo kicin yana shinshina.

“Ke, soket ɗin nan ƙauri yake. Miƙo min sukudireba.”

Ta ce, “Malam, ka bari mana sai an jima.”

“An jima me? Yanzu da ba wuta ai shi ne lokacinsa.” Ya je ya kashe babban makunni duk da haka, ya dawo yana dariya. “To, uwargida, bari mu bi ƙa'ida. Daga ina wutar gidan nan take zuwa?”

Wasa yake yi. Gidan da ya ja wa waya da hannunsa!  Ita kuwa ta lissafa: ƙofar mai walda ga ta nan, kafin maigidan ya ture firij ya kwance murfin soket ta sa an cire wayar.

“Kamfani mana,” ta ce.

Ta fita da gudu ba takalmi. Ƙofar mai walda da kwaɗo. Ta buga, ta kira, ta sake bugawa, sannan ta juyo tana ihu tun daga waje, “Malam, kar ka taɓa! Akwai sola!”

Ta same shi a ƙasa tsakanin bango da buhun gawayi, sukudireba a damƙe a hannunsa. Ta durƙusa tana jijjiga shi, tana faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan, daga ina wayar ta fito, wa ya ja ta. Bai motsa ba. Can sai firij ya tashi da kansa, ya ci gaba da sanyaya allurar.